Dakalin Gidan Yaya Sule a Badun

Tun da na dawo daga Kudu ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shago sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "To Hamisu, ka ga Legas ka ga Badun, wanne ya fi?" In na ce Legas a ce dogayen benaye sun ruɗe ni, in na ce Badun a ce amala ce ta kama ni. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in taka kekena. Amma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba. Aike na aka yi.

Mu uku muka rage a ɗakinmu: Yaya Binta ce babba, sai Yaya Sule, sai ni auta. Yaya Sule ya bi shanu Kudu tun ina koyon sa maɓalli. Ya zauna a Ibadan, wadda mutanenmu ke ce wa Badun, ya auri Bayarabiya, ya yi gida a unguwar danginta. Rabonsa da Daura tun rasuwar mahaifiyarmu. Matar ta rasu shekara huɗu da suka wuce, muka yi masa ta'aziyya ta waya. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya yi nauyi. Ɗansa Tajuddin ya ɗauke shi ya kai shi Legas kusa da likitoci, 'yarsa Rashida kuma ta kafe sai an mayar mata da ubanta Badun. Da rigima ta ƙi ƙarewa sai suka amince a kira ni, Baffansu, daga Daura, in ga garuruwan biyu da idona, in yanke inda tsohon zai zauna.

Yaya Binta idonta ya tafi, amma kunnenta da bakinta suna nan daram. Ranar da zan tashi ta kama hannun rigata ta ce, "Kada ka biye wa yaran nan. Ba Legas ba Badun. Ka dawo mini da ɗan'uwana ko a kwance ne. Ba na so a rufe shi inda ba wanda ya san sunan ubanmu." Na ce mata in Allah ya yarda tare za mu shigo.

Maƙwabcin shagona, Oga Emeka mai kayan gyaran babur, da ya ji labari sai ya yi dariya. Ya ce, "Malam Hamisu, ku kuna da wahala. Mu sai mutum ya mutu muke kai shi gida, lokacin ba ya gardama." Na ce masa Allah ya shirye shi, na ɗauki jakata.

Ban shiga doguwar bas ba. Idi direba, mutumin Mashi, wanda nake yi wa ɗinkin Sallah shekara da shekaru, ya ɗebi shanu zai kai Legas, ya ce in zauna kusa da shi a gaba. Kwana biyu da yini muka yi. Ba zan gajiyar da ku da labarin ramuka da shingaye ba, duk wanda ya taɓa bin hanyar ya sani. Kusa da Mokwa wani bajimi ya durƙushe cikin 'yan'uwansa, masu shanun suka yi ta bugun ƙarfen mota har Idi ya tsaya, aka yanka shi a bakin titi kafin ya zama mushe. Tun daga nan ƙarnin jini bai bar hancina ba.

Iyakar da ba a tambayar fasfo ita ce gadar Jebba. Muna dosar ta Idi ya kashe rediyo, ya daina taunar goro. Shanun da suka wuni suna kuka su ma suka yi tsit, har na waiwaya in ga ko suna nan. Sai da muka haye ya ce, "Daga nan ka bar gida, Malam. Abin da ka gani, ka tambaya kafin ka taɓa." Na ji shi, amma ban riƙe ba.

Bayan Ilori na fara ganin hotuna a bango da jikin turakun lantarki, manya-manya, tsofaffi sun sha ado suna murmushi. Na ga wata tsohuwa da ɗaurin kai kamar faifai, hotonta ya cika gari guda. Na ce wa Idi, "Wannan baiwar Allah da tsufanta wace kujera take nema?" Sai da ya kusa sakin sitiyari don dariya. Ya ce, "Ta riga ta samu kujerarta. Sanarwar mutuwa ce." Na yi dariyar ni ma, amma ba ta daɗe ba ta gushe, domin daga nan har Legas matattu ne ke ta kallonmu daga bango suna murmushi.

A Agege Taju ya zo ya ɗauke ni. Agege kam ba ta ba ni tsoro ba. Hausa ake yi ko'ina, ga mai shayi, ga mai tsire, har wani mutumin Sandamu na gani yana sayar da agogo, muka tsaya muka gaisa kamar mun haɗu a Kusugu. Na ce a raina ashe Legas ɗin ke nan. Ashe ko ƙofarta ban shiga ba. Muka hau wata gada a kan ruwa wadda na yi zaton ba za ta ƙare ba, muka sauka wata unguwa da Taju ya ce da can teku ce, yashi aka zuba aka kore ta. Gidansa yana hawa na tara. Ana shiga wani akwati mai madubi da suke ce wa lif, ya ɗaga mutum sama.

A nan na ga Yaya Sule bayan shekara goma sha wani abu. Yana zaune gaban taga wadda ba a buɗewa, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Hamisu, kai ma ka tsufa. Wa ya ba ka izini?" Hawaye ya zubo mini, ban ɓoye ba.

Gaskiya Taju bai rage wa ubansa komai ba. Ga gado mai ɗagawa, ga magani a jere, likita na zuwa har gida. Abinci a kan babur ake kawo shi cikin kwali, da zafinsa. Amma shi da matarsa suna fita tun kafin gari ya waye sosai, ba sa dawowa sai bayan isha'i. Mu biyu muke wuni. Ba ka jin kiran salla, sai dai waya ta gaya maka lokaci ya yi. Ba kukan akuya, ba sallamar maƙwabci, ba mai talla. In ka leƙa ƙasa ga motoci cunkus, ga mutane kamar tururuwa, amma ko ƙara ɗaya ba ta iso ka. Na yi sallama a cikin lif sau uku, mutane suka dube ni kamar zan roƙe su wani abu, sai na daina.

Ƙara ɗaya ce kawai ke shigo mana, talabijin ɗin ɗakin da ke kallon namu. Wata dattijuwa ce a ciki ita kaɗai, 'ya'yanta duk suna ƙasar waje. Ranar da na iso na ga kwalin abinci a ƙofarta. Washegari na ga biyu. Rana ta uku suka zama uku, ƙudaje sun fara taruwa, talabijin kuma bai yi shiru ba ko sau ɗaya. Na gaya wa Taju, ya ce, "Baffa, a nan ba a shiga harkar mutane." Na ce to ni daga inda ake shiga na fito. Da hantsi na je na ƙwanƙwasa, na yi sallama har sau uku. Ba amsa, sai muryar mai karanta labarai. Na sauka na taso masu gadi, da ƙyar suka yarda aka kira hukuma aka ɓalle ƙofar.

Tana zaune a kujera, tabarau a idonta, kofin shayi a gefenta. Ban shiga ba, daga bakin ƙofa na gani na juyo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saukar da ita. Gadon ɗaukar gawa bai shiga lif ba. Sai suka ɗaure ta a jikinsa suka jingina shi tsaye, mutum biyu suka riƙe, ƙofa ta rufe. Ashe Yaya Sule ya jawo ƙafarsa da sanda har bakin ƙofarmu yana kallo. Ya ce, "Ka ga yadda ake sauko da mutum a gidan nan? A tsaye." Mai gadi ya gaya mini za a sa ta a firji sai 'ya'yanta sun samu hutu, wataƙila wata uku.

Kada ku ce na ɓata Legas. Garin nema ne, kuma ba ruwan kowa da ɗan wane ne kai. Na ga teku, na ga kasuwar yadi wadda in na shiga da kuɗi sai an fito da ni da ƙarfi. Wanda ke da ƙafa da ƙuruciya ya je, zai ƙaru. Amma na kwana bakwai ban san sunan mutum ɗaya a benen nan ba, har ita matar.

Ranar Juma'a Taju ya kai mu Badun a motarsa, ya ce zai dawo Asabar ta sama ya ji hukunci. Badun a shimfiɗe take bisa tuddai, rufin kwano mai tsatsa iya ganinka. Tun daga bakin unguwa aka fara tare motar. Tsofaffi na leƙowa ta taga suna kiran "Baba Daura", mata na durƙusawa. Mutumin da ya wuni bakwai bai yi magana goma ba, sai ga shi yana zuba Yarabanci har da wasa. Rashida ta fito da gudu ba takalmi. Tana sayar da atamfa kusa da Sabo, unguwar Hausawa, don haka Hausarta ta fi ta wanta nesa ba kusa ba.

Ta kawo mana amala, baƙa kamar tuwon dawar da ya kwana, da miyar ganye mai yauƙi da ta wake a kwano ɗaya. Loma ta farko barkono ya sa na ga taurari da rana tsaka. Ta uku kuwa na nemi ƙari.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne dakali. A ƙofar gidan, ƙarƙashin wata bishiya mai faɗin ganye, ga dakali an yi masa farin tayil, tsayinsa daidai gwiwa, an shimfiɗa tabarma a kai. Rabona da ganin abin da ya yi kama da gida tun Daura. Na ce yawwa, ashe Yaya bai manta asalinsa ba. Na haye na miƙe ƙafa. Ko da rana ta take, dakalin nan sanyi gare shi kamar gindin randa.

Kwana uku a kansa na tare. A nan nake karyawa, a nan nake cin amalata, a nan nake ƙailula. Sau biyu da aka yi ruwa ƙasa ta jiƙe, a kansa na yi la'asar. Kuma duk matar da za ta wuce sai ta rage tafiya, ta ɗan rusuna ta fuskanci inda nake, ta yi magana ƙasa-ƙasa da Yarabanci. Ni kuma in gyara zama in ce, "Lafiya lau, sannunku, Allah ya yi albarka." Har waya na yi wa Yaya Binta ina cika baki, na ce mutanen Badun sun san darajar baƙo, ko hakimi iyakar gaisuwar da zai samu ke nan. Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni. Ba mai kallon fuskata in tana gaisuwar, duk wajen gwiwata suke kallo. Na ce kunya ce.

Rana ta uku bayan azahar barci ya fara ɗaukata a kan dakalin, sai na ji muryar mace dab da kunnena, Hausarta da nauyin harshen Yarabawa. Ta ce, "Baƙo, ka ci abinci?" Ban buɗe ido ba na ce, "Na ci, alhamdu lillahi." Ta ce, "Ka ƙara." Da na farka ba kowa a layin, sai wata akuya. Na ɗauka Rashida ce. Da ta dawo da yamma na yi mata godiya, ta ce ita tun safe tana kasuwa. Ni ba mai camfi ba ne, na ce mafarki ne da nauyin amala.

Washegari kofin koko ya kife mini a kan tabarmar. Na ɗaga ta in kakkaɓe, sai ga rubutu a jikin tayil ɗin, an sassaƙa shi da baƙi. Sama Larabci ne, innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙasa da boko: Alhaja Risikatu, matar Sule Daura.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar titi ba, tabarma a hannu, ƙafa ba takalmi. Kwana uku ina kwance a kan matar wana. Na ci a kanta, na yi minshari a kanta, na kai goshina ƙasa a kanta, kuma gaisuwar da ake yi mata ni nake amsawa. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ni, ban san wanda ya fi ba.

Da na ɗaga kai na dubi layin, sai unguwar ta canza mini. Ashe kusan kowane gida da nasa. Wancan da mai ƙosai ke ɗora tirenta, wancan da aka shanya wanki a kai, wancan da masu jiran aski ke zaune a jere, har wanda ke cikin barandar wani gida an ɗora masa tukunyar fure. Kwana huɗu ina yawo a cikinsu ina cewa Badun garin dakali ne. Rabin mutanen unguwar a kwance suke, sauran na harkarsu a tsakaninsu.

Na shiga gida rai a ɓace na sami Rashida tana tankaɗe. Na ce, "Ke yanzu kina kallona ina kwana a kan kabarin uwarki ba za ki yi magana ba?"

Ta ajiye rariya. Ta ce, "Baffa, wallahi na ɗauka ka sani. Mu ma muna zama, a nan nake tsefe kaina in ina kewarta." Ta ƙara da cewa, "Har murna na yi. Na gaya wa maƙwabta, ga ƙanen Baba ya zo, tun da ya sauka bai rabu da Mama ba. Shekara talatin da biyar tana cewa wata rana dangin mijinta za su zo daga Daura, ta dafa musu. Kwanonin da ta saya domin ku suna nan, a ciki nake zuba maka."

Na zo da faɗa a bakina, na rasa inda zan ajiye shi. Matar nan duk Sallah sai ta aiko mana da goro da manja. Mu kuwa ko sau ɗaya ba wanda ya taka ya zo ya ga inda take, da rai ko ba rai. Na fita na sake alwala, na rama la'asar biyu a masallacin unguwa, na daɗe ban tashi ba.

Da na dawo ban iya kallon dakalin ba, sai idona ya sauka gefensa. Duk ƙofar gidan siminti ne, amma dab da kabarin an bar wani fili na jar ƙasa, dogo, a share tas. A kansa na ga Yaya Sule. Ya shimfiɗa buzu ya kwanta a ɓarinsa na dama, fuskarsa na kallon alƙibla, idonsa a rufe, sandarsa a gefe. Filin ya yi masa daidai, kai da ƙafa, ba ragi ba ƙari. Na tsaya ina kallon ƙirjinsa har sai da na ga ya motsa.

Bai buɗe ido ba ya ce, "An ce ka gane dakalin."

Na tsuguna kusa da shi. Na ce, "Yaya, wannan ba koyarwarmu ba ce. Kabari a ƙofar gida, har da gini a kai? Kai ka fi ni sani."

Ya ce, "Na sani. Ranar da ta rasu na yi faɗa da danginta har muryata ta dushe, na ce maƙabarta za a kai ta. Suka fi ƙarfina. Tayil ɗin ma ba da yawuna aka sa ba. Nawa na gaya wa Rashida, ƙasa kawai, ko dutse kada a ɗora." Ya numfasa. "Amma ka ga, Hamisu, da aka rufe ta a nan, sai na tashi da safe na fito na ce mata ina kwana. Washegari ma haka. Wata tara da na yi a Legas, ba ciwon ne ya ci ni ba."

A nan na sauke aiken da na ɗauko. Na gaya masa maganar Yaya Binta kalma da kalma, ban rage ba. Na ga hawaye ya gangaro ya bi ta kan hancinsa ya ɗiga a buzu.

Ya ce, "In na bi ka, ka kai ni kusa da Baba?"

Na ce, "In Allah ya yarda."

"Wanne ne nasa? In mun shiga maƙabartar yau, za ka nuna mini?"

Ni na shiga ramin na karɓi mahaifinmu da hannuna. Na san ta wajen wata bishiyar kuka ne, amma damina nawa aka yi tun lokacin, an rufe wasu a gefe, an rufe wasu a gaba. Ba zan iya nunawa ba.

Ya ce, "Ban ce namu ba daidai ba ne. Shi ne daidai. Amma matar nan ta bar kowa nata ya yi mata dariya ta auri baƙo mai bin shanu. Ba ta taɓa barina na kwana da yunwa ba. Hausar da ta fara koya ke nan, ka ci abinci, ka ƙara. Yanzu in tashi in bar ta a bakin titi ita kaɗai?"

Ban gaya masa abin da na ji da azahar ba. Har yau ban gaya masa ba, kuma kada wani ya tambaye ni fassararsa, ban sani ba.

Asabar Taju ya zo. Muka zauna a falo, shi da ƙanwarsa kowa ya haɗe rai. Na ce Legas ta fi magani, ta fi tsabta, kuma Taju ya yi abin da ɗa nagari ke yi, Allah ya ba shi masu yi masa. Na ce Badun ga ƙura ga kwata, wuta sai ta ga dama, asibiti da nisa. Sannan na ce a bar shi a Badun. Taju ya ce, "Baffa, in ya sake faɗuwa fa?" Na ce, "In ya faɗi a nan, kafin ya kai ƙasa mutum goma sun gani." Sunan Daura kuwa ko sau ɗaya bai fito daga bakina ba. To masu tambaya, ga amsarku. Ku je Legas ku yi kallo ku yi nema. Amma ni garuruwan biyu duk sun ba ni tsoro, sai dai tsoron Badun na iya kwana da shi.

Na dawo a bas, hanya ta yi mini tsawo fiye da zuwa, domin duk tafiyar ina shirya abin da zan ce. Na isa Daura da hantsi, na wuce gidan Yaya Binta ko jaka ban ajiye ba. Tana zaune a tsakar gida tana jan carbi. Ina yin sallama ta ɗaga kai ta karkata kunne wajen zaure.

Ta ce, "Takun mutum ɗaya nake ji."

Na ce, "Yaya, jikin nasa ne bai yi ƙwarin doguwar tafiya ba. Wataƙila bayan damina."

Ta ce, "Hamisu, tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Zauna ka gaya mini."

Na zauna na gaya mata duka, har kwanciyata a kan dakali, har filin jar ƙasa. Na zaci za ta yi faɗa ko ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye carbin, ta dafa bango ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado. Ta fito rungume da wani ƙunshi a cikin leda, ta lalubo cinyata ta ɗora mini. Farin yadi ne, ninki a kan ninki, yana ƙanshin ajiya.

Ta ce, "Likkafanina ne. A Makka na saya, na tsoma shi a zamzam da hannuna na shanya. Na mace ya fi na namiji yawa, zai ishe shi har ya yi saura. Kai tela ne, ka yanka masa, ka ba direban nan naka ya kai. Tunda ƙasarmu ba za ta rufe shi ba, ya tafi da wani abu na ɗakinmu a jikinsa."

Na ce, "Ke fa, Yaya?"

Ta ce, "Ni a gida nake. Ba za a rasa mai rufa mini asiri ba."

Washegari na buɗe shago da wuri kafin 'yan benci su taru. Na share teburin yanka, na wanke hannu, na shimfiɗa yadin. Na ɗauko tef ɗin awo daga wuyana, sai na mayar da shi. Na riga na ga tsawonsa a ƙasa. Na yi bisimilla na sa almakashi.